Adireshin Yaya

Auta tana guge rigar da za ta sa zuwa aiki sai wayarta ta yi ƙara. Lambar doguwa ce, irin ta ƙasar waje, don haka ta san Yaya ne tun kafin ta ɗauka. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Gobe wani zai zo daga banki," in ji shi. "Duba gida kawai zai yi. In ya tambaye ni, ki ce na yi 'yar tafiya, ina nan dawowa."

"'Yar tafiya," ta maimaita. "Yaya, ko makaranta ba a sa ni ba ka yi 'yar tafiyar nan. Yanzu furfura ta fara leƙo mini."

"To ƙarya na yi? Ban yi tafiya ba? Ko ba zan dawo ba?"

Shi ne babba a ɗakinsu, ita ce ta ƙarshe. Abin da take iya tunawa game da shi bai taka kara ya karya ba: dogon mutum mai warin man inji, da wata jaka shuɗiya da aka cusa a bayan tasi. Sauran duk murya ce a waya. Can inda yake, makaniki ne a kamfanin motocin bas. Bai zo jana'izar Baba ba, bai zo ta Inna ba, kullum maganar takardu ce ke tare shi.

Yana da asusu a nan gida, Baba ne ya kai shi banki ya buɗe, lokacin da ya fara karɓar albashi a gareji, da adireshin gidan nan. Da iyayen suka rasu gida ya koma hannun Auta, sai ya kira ya tambaye ta ko zai ci gaba da amfani da adireshin. Ta ce to, ba ta ɗauki abin a bakin komai ba. Wasiƙu suka riƙa zuwa da sunansa, tana jefa su a aljihun tebur. Daga baya hukumar birni ta sake wa tituna suna, ta sake wa gidaje lamba, wasiƙun suka daina zuwa, suka fara komawa banki. Yanzu banki ya ce ko dai a tabbatar da adireshi, ko a dakatar da asusu. In aka dakatar, sai mai shi ya zo da ƙafarsa. Yaya kuwa takardun zamansa suna hannun hukumar can ana sabuntawa. In ya fito, komawa ta gagare shi. Duk abin da ya tara na dawowa gida a cikin asusun nan yake.

"Za su ba ni takarda in sa hannu?" ta tambaya.

"Wataƙila. 'Yar takarda ce."

"Ka dai san aikina."

Magatakarda ce a kotu. Ita ke miƙewa ta rantsar da shaida, ita ke rubuta abin da ya faɗa. Ta taɓa ganin an tasa ƙeyar wani dattijo mai kamala, don kawai ya sa hannu a kan cewa ɗan ƙanwarsa a gidansa yake zaune, alhali ba haka ba ne.

Tana jin ƙarar ƙarfe da hucin iska daga wurin aikin Yaya.

"Auta, tunda na tafi ban taɓa roƙon ki komai ba. Gidan ubana ne. In kika ce wa mutumin nan ba a nan nake ba, shi ke nan, na san ba ni da gida. Ba zan sake damun ki ba."

Ya kashe wayar. Bai ɗaga murya ba, kuma abin da ya fi damun ta ke nan. Ta san mutanen ɗakinsu: wanda ya yi faɗa zai huce, wanda ya yi magana a hankali ya gama.

Washegari ta ɗauki hutu daga aiki. Mijinta yana wani gari wajen aikin gada, gidan daga ita sai Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ta dawo zama da su bayan rasuwar mijinta. Da Auta ta fito daga wanka sai ta tarar da takalman maza an jera su a ƙofar ɗakin baƙi, ga riga an rataye a ƙusa, ga rediyo a kan taga.

"Gwaggo, wannan fa?"

"Kayan Babba ne." Haka take kiran Yaya tun yana goye.

"Takalman mijina ne."

"Takalmi yana da suna a jiki ne?" Gwaggo ta tsaya ta ƙare musu kallo, ta taɓe baki. "Sai dai mijin nan naki ƙafarsa kamar ta ɗan firamare. Babba kuwa tun yana saurayi sai an zaga kasuwa kafin a samu daidai shi. Ki tura su ciki kaɗan, a ga diddigen kawai."

Auta ba ta tura ba, ba ta kuma kwashe ba. Ta share tsakar gida, ta goge tayal, ta ɗauko takardun gidan ta ajiye a kan tebur. Har rana ta take ba ta yanke abin da za ta faɗa ba.

Mutumin banki ya iso a kan babur bayan azahar. Magidanci ne mai ƙiba kaɗan, da hular kwano a hammata, da jaka a kafaɗa, rigarsa ta jiƙe sharkaf a baya.

"Malama, tun safe nake neman gidan sinima," ya ce bayan sun gaisa. "A takardarmu an rubuta gida na biyu bayan sinima, daura da famfon unguwa. Duk wanda na tambaya sai ya dube ni kamar na faɗo daga sama."

Ta ba shi kujera a falo, ta kawo ruwa. Ya shanye, ya buɗe jaka, ya fito da allon rubutu da biro.

"Mai asusun yana nan?"

"Yanzun nan ya fita," in ji Gwaggo daga bakin ƙofa. "Ba ku haɗu a hanya ba? Dogo haka."

Mutumin bai dubi Gwaggo ba, Auta yake duba. Ta san irin kallon, ita ma shi take yi wa shaidu.

"Ba ya nan," ta ce. "A ƙasar waje yake zaune. Ya fi shekara talatin rabonsa da gidan nan."

Gwaggo ta tafa hannu. "Ni dai na faɗa tun tuni, kotu ta lalata yarinyar nan."

"Mama, ai hutar da ni ta yi," in ji mutumin banki. Ya nuna takalman da biro. "Irin wannan kullum ina gani. Wani gidan har shayi ake zubawa a kofi a ajiye, wai yanzu ya tashi. Sai in taɓa in ji ya yi sanyi kamar ruwan randa."

Ya yi mata bayani a taƙaice. Banki ba ya faɗa da wanda ke zaune a waje; akwai irin asusunsu daban, kuma an yarda su ba da gidan iyayensu a matsayin adireshin gida. Matsalar ita ce masu sayar da adireshi. Mai gida zai karɓi ɗan abin da ya samu, sai ka ga sunan baƙi goma a gidan da ba su taɓa takawa ba, daga nan kuma sai a yi ta ɓarna da asusun. Shi aikinsa ya rubuta abu ɗaya: mai asusun ɗan gidan ne ko ba ɗan gidan ba.

Ta miƙa masa takardun gidan, masu sunan Baba. Ya duba, ya mayar mata.

"Sunan nan, a titin nan kaɗai zan samo miki mutum biyar masu shi. Takardar wuta fa?"

"Da sunan mijina take."

"Ta ruwa?"

"Da sunana."

Ya sosa ƙeya da biro. "To ni ina da yadda nake yi. Ba a rubuce yake ba, amma shugabana ya sani. A kira shi, murya kawai, ban da kyamara. Shi ba ya gani, ni ban san gida ba. Ya ja ni daga bakin titi har cikin ɗaki. Wanda ya sayi adireshi yana haddace lamba da sunan titi, amma bai san inda ake tuntuɓe ba."

Auta ta kira, ta buɗe muryar yadda kowa zai ji. Mutumin banki ya gabatar da kansa, ya faɗi abin da yake so.

"Ta faɗa maka ke nan," in ji Yaya.

"Ta faɗa, ranka ya daɗe."

"To."



Suka fita bakin babban titi su biyu, ita riƙe da waya, shi riƙe da allo. Motoci na wucewa, masu shago na leƙo su.

"Ka ba sinima baya," in ji Yaya.

"Babu sinima."

"An rufe ta?"

"An rushe. Shagunan waya ne a wurin."

"To. Za ka ga babban itacen mangwaro a hannun dama, inda masu faci ke zama."

Mutumin ya duba dama. "Taransifoma nake gani."

"Famfon unguwa fa?"

"Babu."

"Mai gyaran agogo, wanda ke da akwatin gilashi a kwana?"

"Ya rasu, Yaya," in ji Auta. "Tun ina sakandare."

Mutumin banki yana danna kan birorsa, ƙit, ƙit. Auta ta dubi titin da take bi kullum, ta ga babu ko abu ɗaya a cikinsa da ya san wanta. Wani tunani ya zo mata wanda ba ta so ba: wataƙila gaskiya ya faɗa jiya, ba shi da gida a nan, kuma ita ce ta tsayar da shi a bainar jama'a aka tabbatar.

"Ku kai ni ƙofar gida," in ji Yaya. Muryarsa ta yi ƙasa.

Da suka isa, Auta ta ce masa ga su a ƙofa.

"Kada ka tura," in ji Yaya. "Ka kama mariƙin ka ɗaga sama, sannan ka sa gwiwa."

Mutumin ya fara turawa da gangan. Ƙyauren bai motsa ba. Ya ɗaga, ya sa gwiwa, ya buɗe salin alin. Sau biyu Auta tana sake ƙyauren nan, kowane kafinta ya zo sai ya zagi aikin na baya, kuma bayan wata guda a koma ɗagawa.

"Ba laifin ƙyauren ba ne," in ji Yaya, kamar ya ji abin da take tunani. "Ginin ne ya zauna ta hagu, shekarar da ruwa ya shigo unguwa."

"Wannan ko baƙo ya sani," in ji mutumin banki.

"To sauke ƙafa a hankali. Dakalin ciki ya fi na waje zurfi."

Maganar ta zo a makare. Mutumin ya riga ya tafi luu, sai da ya dafa bango.

"Ga wurin tuntuɓen nan ka samu, mai hular kwano," in ji Gwaggo daga kan kujerarta a baranda. "Rubuta."

Daga nan muryar Yaya ta sake. Ƙarar ƙarfen da ke bayansa ta ragu, alamar ya koma wani lungu. Ya tambaya ko an yi la'asar, aka ce masa saura kaɗan.

"To rana tana kan bangon kicin yanzu. Ba ta kai taga ba tukuna, da saura kamar tafin hannu. In ta taɓa tagar Inna take tashi ta ɗora tukunya."

Auta ta ɗaga kai. Hasken ya yanko daga saman rufin maƙwabta ya kwanta a bangon kicin, bakinsa ya tsaya gab da tagar. Ta matsa ta ɗora tafinta a tsakani. Ya cike wurin daidai. Inda Yaya yake yanzu ko lokacinsu ba ɗaya ba ne da na nan. Ta kuma lura da wani abu: ba ya cewa "a da akwai", cewa yake "akwai". Ba labarin gidan yake ba su ba. A ciki yake tsaye.

Ya ja mutumin banki ta gefen igiyar shanya, ya gaya masa ya sunkuya don ƙarfen da aka ɗaure ta ya yi ƙasa. Ya faɗi tagar da ba ta rufuwa sai an doke ta, da inda rufi ke ɗiga in ruwa ya zo da iska. Mutumin ya daina danna biro.

"Yanzu ka bi baranda har ƙarshe. A hannun hagu za ka ga ƙofar ɗakin Baba."

Suka bi baranda har ƙarshe. A hannun hagu bango ne, fari fat, da kalandar kamfanin siminti a rataye.

"Bango ne, ranka ya daɗe."

"Ƙofa ce."

"Yaya, ɗakin Baba ta falo ake shiga," in ji Auta. "Tun da nake."

"Ta baranda ake shiga."

"A gidan nan aka haife ni fa."

"Ni kuma a kaina aka ɗauko bulon da aka gina shi. Malam, ƙwanƙwasa."

Mutumin ya cire kalandar ya miƙa wa Auta. Ya fara daga kusurwa, yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa yana matsawa. Ƙarar ta fito a daskare, irin ta bulo. Ya matsa, haka. Ya ƙara matsawa, sai ƙarar ta buɗe, ta yi amo kamar an bugi akwatin da ba komai a ciki.

Ya tsaya. Ya sake bugawa. Sannan ya ja da baya yana duban bangon a karkace, ta inda haske ke kwanciya. Akwai wani siririn layi a ƙarƙashin fenti. Ya bi shi da kan biro: ya hau sama, ya miƙe, ya sauko har ƙasa. Auta ta san layin. Sau nawa tana sa mai fenti ya cike shi, tana cewa tsagewa ce. Ba ta taɓa ja da baya ta ga cewa tsagewar tana da kusurwa huɗu ba.

"Oho, wannan," in ji Gwaggo. "Babanku ne ya sa aka toshe ta da katako aka shafe, aka fasa wata ta falo. Bayan tafiyar Babba ne, ba a yi shekara ba."

"Don me?" in ji Auta.

"Daga kan gadonsa ta nan yake hango ƙofar gida. Duk wanda ya ɗaga ƙyaure sai ya miƙe zaune ya duba. Ya ce ya gaji."

"Ba ki taɓa gaya mini ba."

"Kin taɓa tambaya ta?"

Auta ta duba wayar ko ta yanke. Ba ta yanke ba.

Mutumin banki ya yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, ina ganin ya isa haka."

"Saura rijiya," in ji Yaya.

"Gidan nan ba rijiya," in ji Auta, amma wannan karon a hankali ta faɗa.

"Tsakanin famfo da ƙofar kicin. Ka tsaya a tsakiya ka buga diddige."

Tsakar gidan tayal ce, mijin Auta ya sa aka shimfiɗa a kan tsohon siminti shekarar da suka yi aure. Mutumin ya je ya tsaya inda aka ce, ya ɗaga ƙafa ya buga. Ƙarar ba ta tsaya a ƙasa ba. Ta nutsa, ta yi nisa, sannan ta dawo a hankali, kamar an yi magana a cikin tulu. Ya yi tsalle gefe da saurin da ba a zata daga mai jikinsa ba.

"Ba za ka faɗa ba," in ji Yaya. "Murfin kankare ne, ni na ɗaura rodinsa. Amma ba a cike ta ba. Ruwanta bai taɓa ƙafewa ba, ko shekarar da duk rijiyoyin unguwa suka bushe nan ake layi."

"Me ya sa aka rufe?" in ji mutumin banki.

"Tambayi mai gidan. Rarrafenta ne ya jawo mana."

"Da ƙafa ya cafko ki," in ji Gwaggo. "Kanki ya riga ya leƙa ciki. Uwarki ta suma a nan, nan inda bokitin nan yake. Kashegari Babanku ya sayo siminti."

"Simintin ya yi saura," in ji Yaya, "aka yi faci da shi a gindin bango, bayan inda duron ruwa yake zama. In ba a fasa wurin ba, ku duba."

Duron yana nan inda yake tun tana yarinya. An sake duro sau da yawa, ba a taɓa sake masa wuri ba, mai tayal ma zagaye shi ya yi. Ruwan ciki bai kai rabi ba. Mutumin banki ya ajiye allonsa ya naɗe hannun riga, suka kama tare suka mirgina shi gefe. Ƙasan ya yi baƙi da danshi. Auta ta ɗauko tsintsiya ta share, ta watsa ruwa.

Sawun ƙafar jaririya ne, na dama, bai kai tsawon tafin hannunta ba. Yatsu biyar sun fito ɗaya bayan ɗaya, ƙaramin kamar ƙwayar wake. A gefen diddigen akwai wani ɗan rami zagayayye, inda babban yatsan wanda ya riƙe ƙafar ya nutse a simintin.

Ta durƙusa. Ta sa yatsanta a cikin ramin, ya yi masa yawa. Kullum da safe tana ratsa tsakar gidan nan daga ɗaki zuwa kicin, da tire a hannu ko da waya a kunne, ashe a kan ruwa take tafiya. Ta yi zaton ita ce ke zaune a gidan, shi kuwa suna ne a bayan ambulan. Yanzu ta ga gida biyu ne, ɗaya a cikin ɗaya. Ita tana sharar na sama. Na ƙasan, mai ƙofar baranda da rijiya da Inna a bakin taga, wani makaniki ne ya ɗauke shi cak a kansa ya ƙetare teku da shi, yana shiga yana fita fiye da shekara talatin, ko ƙusa ɗaya bai yar ba.

"Yana nan?" in ji Yaya.

"Yana nan," ta ce.

Mutumin banki ya koma kan rijiyar, a hankali wannan karon. Ya tsuguna ya ɗora tafinsa a kan tayal, kamar mai jin zafin jikin yaro. Ya daɗe a haka.

"Na daɗe a aikin nan," ya ce. "An kai ni ɗaki, an kai ni kicin, wani har banɗaki ya kai ni. Ba a taɓa kai ni rijiya ba."

Ya zauna a dakali ya yi rubutu. Da ya gama ya karanta da ƙarfi yadda na cikin wayar zai ji: gidan iyali ne, mai asusu ɗan gida ne, a ƙasar waje yake zaune. Ya rubuta sabon sunan titi da sabuwar lamba. Ya ce wa Yaya za a mayar da asusun irin na mazauna waje, sai ya aiko da adireshinsa na can. Hukunci na manya ne a ofis, in ji shi, amma ba a taɓa mayar masa da rahoto irin wannan ba. Ya miƙa wa Auta allon. Ta karanta sau biyu, kamar yadda ta saba, ta sa hannu.

A bakin ƙofa ya kama mariƙin ya ɗaga ba tare da an gaya masa ba.

"Mama, a mayar wa mai takalma takalmansa."

"Tafi can, ɗan nema," in ji Gwaggo. "Ka gaida gida."

Ƙarar babur ta yi nisa. Wayar tana hannun Auta, ba a kashe ba.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Kin ƙi yi mini ƙarya."

"Na ƙi."

"Da na san haka za ki zama, da na saki ƙafar nan."

Gwaggo ce ta fara dariya, har da tari. Auta ta zauna a gefen duro, ta goge hannunta a zani.

"Ba ni adireshinka na can," ta ce. "Ba na banki ba, nawa. Ban taɓa sanin sa ba."

Ya faɗa mata harafi bayan harafi, don sunan titin ba ya faɗuwa a baki. Ta rubuta a bayan kalandar da aka cire daga bango.

"In na zo can, ta ina zan shiga?" ta tambaya.

"Ƙofa ce kawai. A tura, ta buɗe. Babu abin faɗa. Ƙofar Baba fa, katako ne kawai. Kafinta zai cire shi kafin ya gama shan shayi."

"Ba zan kira kafinta ba. Ka zo ka buɗe da kanka, ka fi kowa sanin inda take."

Wani ya kira shi daga nesa da wani harshe. Ya ce hutunsa ya ƙare, akwai bas a kan ramin gyara tana jiran sa, zai kira ranar da ba aiki. Ta ce to.

Rana ta riga ta taɓa tagar kicin. Auta ta tashi ta je ta tsaya tsakanin famfo da ƙofa, ta buga diddige a hankali, ta saurara har amon ya dawo.

"Sauka daga kan rijiyar mutane," in ji Gwaggo. "Sau ɗaya ake cafko mutum."

Ta sauka. Da ta fito daga kicin da tukunya a hannu, sai ta ga ƙafarta ta zagaye wurin da kanta.